Ƙungiyoyin Ƙwadago na 'Yan Fim, Marubuta da 'Yan Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka ji 'yan fim ɗin Amurka sun tafi yajin aiki, ko wata tawagar ƙwallo ta ƙi fita atisaye saboda kuɗinta, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a majalisa da gidajen kallon ƙwallo da zaurukan marubuta. Su aka tattara a nan. Yawancin misalan daga Amurka da Turai suke, domin can ne irin waɗannan ƙungiyoyi suka yi jijiya. Inda zancen ya taɓo gida kuma, an faɗa.

Mece ce ƙungiyar ƙwadago a irin waɗannan sana'o'i, kuma me ya raba ta da ƙungiyar zumunta?

Ƙungiyar zumunta tana tara kuɗi in ɗan'uwa ya kwanta ciwo, ta shirya taron karramawa, ta sasanta waɗanda suka saɓa. Duk abin kirki ne. Amma ƙungiyar ƙwadago aikinta na farko daban yake: ta zauna da masu ɗaukar aiki a madadin dukkan 'ya'yanta, a yi ciniki, a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu. Daga ranar, kamfanin fim ko kulob ba shi da ikon biyan ƙasa da abin da aka rubuta, ko da ɗan wasan da kansa ya ce ya yarda.

To ga ma'aunin da za ka auna kowace ƙungiya da shi: akwai takardar da ta ɗaure mai biyan albashi? In akwai, kuma akwai inda za a kai shi in ya karya ta, wannan ƙungiyar ƙwadago ce. In babu, ko wane suna take amsawa, zumunci ake yi.

Mutanen da ke karɓar miliyoyin daloli, me kuma za su yi da ƙungiya?

Kallon kitse ake yi wa rogo. Ƙungiyar 'yan fim da masu aikin rediyo da talabijin ta Amurka, SAG-AFTRA, tana da mambobi wajen 160,000, fuskokin da ka sani a cikinsu kuwa ba su taka kara sun karya ba. A 2023, kafin mamba ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar sai ya samu dala 26,470 a shekara daga aikin, kuma mafi yawansu ba sa kaiwa nan. Akwai mai fitowa a fim da safe, da dare yana raba abinci a gidan cin abinci.

A ƙwallon ƙafa ma haka abin yake. Binciken da FIFPRO, uwar ƙungiyoyin 'yan ƙwallon ƙafa ta duniya, ta fitar a 2016, wanda ta yi a kan 'yan wasa kusan 14,000 a ƙasashe 54, ya nuna kashi 45 cikin ɗari ba sa samun dala 1,000 a wata, kashi 41 kuma sun taɓa fuskantar jinkirin albashi. Ga shi sana'ar gajeruwa ce: gwiwa ɗaya ta goce, an gama. Tauraro yana da lauya da dillali da akanta. Wanda ba kowa ba shi ne ƙungiya ta fi yi wa rana. Amfanin tauraro a ciki shi ne in ya ajiye aiki, duniya za ta ji.

Waɗanne ne manyan ƙungiyoyin?

A Hollywood akwai WGA ta marubutan fim da talabijin, mai reshe biyu, na gabas da na yamma, sai SAG-AFTRA, wadda aka samar a 2012 bayan haɗe SAG ta 'yan fim, da aka kafa a 1933, da AFTRA ta masu aikin rediyo da talabijin. Daraktoci suna da DGA, masu kyamara da fitila da kwalliya da sauran 'yan bayan fage suna IATSE. Dukkansu da wakili ɗaya na kamfanonin suke ciniki, wato AMPTP. A Birtaniya, Equity ce ta 'yan wasan kwaikwayo, tun 1930.

A wasanni kuwa, NBPA ce ta 'yan ƙwallon kwando na NBA, MLBPA ta 'yan besbol, NFLPA ta 'yan ƙwallon Amurka. PFA ta 'yan ƙwallon ƙafa na Ingila, da aka kafa a Manchester a 1907, tana cikin mafiya daɗewa a duniya. FIFPRO, da aka kafa a Paris a 1965, ita ce uwar ƙungiyoyin 'yan ƙwallon ƙafa na ƙasashe, ofishinta na ƙasar Holan.

Me ake rubutawa a yarjejeniyar? Ba ta hana gwani samun abin da ya fi na kowa?

Ba ta hanawa. Ƙasa take shimfiɗawa, ba rufi take yi ba. A fim, tana faɗin mafi ƙarancin kuɗin yini da na mako, awoyin aiki, hutun da dole a bayar tsakanin tashi daga aiki da dawowa, tarar da kamfani zai biya in lokacin cin abinci ya wuce, da kason da zai zuba a asusun fansho da na lafiya. Wanda sunansa ke sayar da fim yana iya neman ninkin-ba-ninkin haka, wannan tsakaninsa da dillalinsa ne.

WGA tana da wani iko da ba kowa ya sani ba: in an yi jayayya kan sunan wa za a rubuta a matsayin marubucin fim, ƙungiyar ce ke yanke hukunci, ba furodusa ba. Wasu marubuta ne da ba a bayyana sunayensu ke karanta duk kwafin labarin, su auna gudummawar kowa. Ba maganar suna kaɗai ba ce, domin kuɗin maimaici, da za a yi bayani a amsa ta gaba, sunan yake bi.

A wasu wasannin Amurka kuwa ana samun rufi, kuma da yardar ƙungiya aka kafa shi. A NBA, alal misali, 'yan wasa suna ɗaukar tsakanin kashi 49 zuwa 51 na kuɗin da gasar ke samu, a madadin haka suka amince da iyaka kan abin da kulob zai kashe a albashi.

Mene ne kuɗin maimaici, kuma me ya sa kullum a kansa ake faɗa?

Kuɗi ne da ake biyan marubuci ko jarumi duk lokacin da aka sake cin moriyar aikinsa bayan nunin farko: an maimaita shi a talabijin, an sayar wa wata ƙasa, an sa shi a faifai ko a intanet. Hujjar mai sauƙi ce. In kamfani zai ci gaba da samun kuɗi da fim shekara ashirin, bai kamata a bar waɗanda suka yi shi da ladan rana ɗaya ba, kada a koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga mai sana'ar da yau akwai aiki gobe babu, wannan kuɗi ne ke riƙe gida tsakanin aiki da aiki.

Ba kyauta aka ba su ba. A 1960 marubuta da jarumai suka yi yajin aiki a lokaci guda saboda kamfanoni sun fara sayar wa gidajen talabijin finafinai ba tare da ba su ko sisi ba. Shugaban SAG a lokacin shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. An tashi a kan za a riƙa biya a finafinan da aka yi daga 1960 zuwa gaba, na baya kuma kamfanoni suka ba da dunƙulen kuɗi aka kafa asusun fansho. Tsofaffin jarumai da yawa sun ji haushin haka har suka mutu.

Tun daga nan, duk sabuwar hanyar kallo sai ta tayar da tsohon rikicin. Kaset ɗin bidiyo ya tayar, faifai ya tayar, intanet ta jawo yajin kwana 100 na marubuta daga Nuwamban 2007 zuwa Fabrairun 2008.

Me ya haddasa yajin aikin 2023, kuma me aka samu?

Marubuta wajen 11,500 suka ajiye alƙalami ranar 2 ga Mayu, suka yi kwana 148, zuwa 27 ga Satumba. Jarumai suka bi sahu ranar 14 ga Yuli, suka yi kwana 118, zuwa 9 ga Nuwamba. Rabon da ƙungiyoyin biyu su yi yaji tare tun 1960. Har bikin ba da lambobin Emmy sai da aka ɗage daga Satumba zuwa Janairu, domin dokar yajin ta hana jarumi ko da tallata fim ɗin da ya riga ya gama.

Tushen abin shi ne yadda Netflix da ire-irensa suka sauya sana'ar. Da, shiri mai dogon zango a talabijin yakan kai kashi ashirin da biyu a shekara, marubuci ya samu aikin kusan shekara guda. Yanzu kashi takwas ko goma ake yi, a ɗauki marubuta kaɗan na 'yan makonni a sallame su. Kafin yajin, kuɗin maimaici kuma tsayayye ne: ko mutum dubu suka kalla ko miliyan ɗari, abin da za a ba ka ɗaya ne, kuma kamfanin ba ya faɗin yawan masu kallon.

Marubuta sun samu ƙarin albashi na kashi 5, da 4, da 3.5 cikin ɗari a shekaru uku, da ƙa'idar mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka a shiri, da tukuici in kashi 20 na masu rajista a Amurka sun kalli shiri cikin kwana 90 na farko. Kamfanoni kuma suka yarda su riƙa nuna wa ƙungiyar alƙaluman kallo a asirce. Jarumai sun samu ƙarin kashi 7 nan take, 'yan cike fage kashi 11. Kashi 99 na marubutan da suka kaɗa ƙuri'a sun amince, a wajen jarumai kuwa kashi 78 ne, kuma yawancin masu ƙorafin a kan batun tambaya ta gaba suke.

Ina ƙungiyoyin suka tsaya kan ƙirƙirarriyar basira?

A yarjejeniyar WGA ta 2023, ba a ɗaukar na'ura a matsayin marubuci. Kamfani ba zai ba ka labarin da na'ura ta haɗa ya ce gyara kawai ka yi don ya rage maka kuɗi ko ya hana ka suna ba, kuma dole ya faɗa maka in abin da ya miƙo maka na'ura ce ta rubuta. Ba za a tilasta maka amfani da ita ba. In kai ke so, sai kamfani ya yarda.

Ta jarumai ta fi sarƙaƙiya, domin a nan fuska da murya ake magana. Ƙa'idar ita ce ba a yin kwafin mutum na kwamfuta, ko a yi amfani da shi a wani aiki, sai da yardarsa a rubuce da kuma biya, kuma ko bayan ransa sai an nemi izinin magadansa ko ƙungiyar. Masu suka suna cewa yardar mai neman aiki ba yarda ba ce: in ka ƙi, akwai ɗari a layi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. A kan batun ne ma masu sa murya a wasannin bidiyo suka shiga nasu yajin a Yulin 2024, ya kai su kusan shekara.

An ce da can ɗan wasa ba ya iya barin kulob ko kwantiraginsa ya ƙare. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba da daɗewa ba. A Ingila akwai iyakar albashi: kafin 1961, komai gwanintarka ba za ka wuce fam 20 a mako ba, alhali filaye na cika maƙil. PFA ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, a Janairun 1961 aka soke iyakar, nan da nan Fulham ta mai da albashin Johnny Haynes fam 100. Sai dai kulob yana nan da ikon riƙe rajistarka ko ba ya biyanka. George Eastham, da Newcastle ta hana tafiya Arsenal, shi ya kai ƙara da taimakon PFA, a 1963 kotu ta ce wannan riƙo tauye sana'a ne.

A besbol ɗin Amurka labarin ya fi ɗaci. A 1966 'yan wasa suka ɗauko Marvin Miller daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ya jagorance su, a 1968 ya samo yarjejeniyar farko, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 6,000 zuwa 10,000. A ƙarshen 1969 kulob ɗin St. Louis ya sayar da Curt Flood, baƙar fata da ya yi masa shekara goma sha biyu, ga Philadelphia ba tare da shawararsa ba. Ya ƙi zuwa, ya rubuta wa shugaban gasar cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar. Albashinsa dala 90,000 ne a lokacin, mutane suka yi ta yi masa dariya. Kotun ƙoli ta kayar da shi a 1972, sana'arsa kuma ta mutu. Amma a 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya 'yanta wasu 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, ta hanyar sasancin da Miller ya riga ya saka a yarjejeniya. Ƙofar da ba ta buɗe a kotu ba, ta buɗe ta takardar ƙungiya.

Sai Jean-Marc Bosman na Beljiyam. Kwantiraginsa da kulob ɗin Liège ya ƙare a 1990, yana son komawa Dunkerque a Faransa, cinikin ya lalace, kulob ɗinsa kuma ya yi masa tayin kwata na tsohon albashinsa. Ya yi shari'a shekara biyar. Ranar 15 ga Disamban 1995 kotun Tarayyar Turai ta ce wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kulob ɗin wata ƙasar tarayyar ba tare da an biya kuɗi ba, ta kuma soke ƙayyade yawan 'yan ƙasashen tarayyar a kulob. Yana da shekara 31 a ranar, ƙwallo ta riga ta wuce shi. Duk wanda ka ji ya sauya sheƙa kyauta ya karɓi maƙudan kuɗin sa hannu, inuwar bishiyar Bosman yake sha.

Mene ne bambancin yajin aiki da kulle ƙofa?

Yajin aiki, ma'aikata ne suka ƙi aiki. Kulle ƙofa, masu kulob ne suka hana su shiga, suka dakatar da albashi, don su matsa musu su karɓi sabon sharaɗi. Yajin 'yan besbol na 1994 zuwa 1995 ya yi kwana 232, har wasan ƙarshe na gasar bai yiwu ba. A NBA a 2011 kuwa masu kulob ne suka kulle, aka buga wasa 66 maimakon 82, kason 'yan wasa ya sauko daga kashi 57 zuwa abin da aka ambata a amsar yarjejeniya. Mai kallo dai haushin 'yan wasa yake ji ko wane ne ya jawo, saboda su ya sani.

Ina buga ƙwallo a ƙasar waje, kulob ya riƙe min albashi. Me zan yi?

Kada ka tattara kayanka ka gudu, domin in ka tafi ba bisa ƙa'ida ba kai za a ci tara. Dokar FIFA ta ce in kulob ya riƙe maka albashin wata biyu, ka rubuta masa takardar gargaɗi ka ba shi aƙalla kwana 15. In bai biya duka ba, kana da hujjar soke kwantiragi, ka nemi bashinka da diyyar sauran lokacin. Tunda kai baƙo ne a ƙasar, za ka iya kai ƙara sashen sasanta rikici na FIFA, kuma ba a karɓar kuɗin shari'a daga ɗan wasa. Kada ka bari shekara biyu ta wuce, bayan nan ba a saurare. In aka yanke hukunci kulob bai biya cikin kwana 45 ba, ana iya hana shi rajistar sababbin 'yan wasa. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni da ke Lausanne.

Kafin duk wannan, nemi ƙungiyar 'yan wasan ƙasar da kake; yawancinsu suna da lauyoyi, kuma baƙo ma yana shiga. Riƙe kwafin kwantiraginka mai sa hannun ɓangarori biyu, da shaidar banki, da duk saƙon da aka turo maka. Kada ka sa hannu a takardar da aka rubuta da harshen da ba ka ji, musamman in an ce ta karɓar wani ɓangare na kuɗinka ce, sau da yawa yafe sauran ake sa ka yi. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka.

FIFPRO takan fitar da gargaɗi kan ƙasashen da matsalar ta yi yawa. A na 2022 akwai Turkiyya da Libiya da Aljeriya da China da Romaniya da Saudiyya. In kuwa a ƙasarka kake bugawa, FIFA ba ta shiga, hukumar ƙwallon ƙasar ce ko kotun ma'aikata.

Ina da dillali. Ba shi ke nan ba?

A'a. Dillali naka ne kai kaɗai, kuma kasonsa yake nema, wani lokaci ma kulob ne ke biyansa. Ƙungiya ita ke shimfiɗa dokar da shi kansa zai yi ciniki a kanta. A wasannin Amurka ƙungiyar ce ma ke ba dillalai lasisi, tana iya ƙwacewa. A 2019 marubutan Hollywood sama da 7,000 suka sallami dillalansu a lokaci guda bisa umarnin WGA, saboda manyan kamfanonin dillanci suna karɓar kuɗi daga masu shirya fim maimakon su dogara da kason marubucin. Wanda ke ci a hannun abokin cinikinka ba zai matsa masa ba. Sai a farkon 2021 na ƙarshensu ya sa hannu.

Yaya ake shiga, nawa ake biya, kuma me ke kan mamba?

Ba da sha'awa ake shiga ba, da aiki ake shiga. A WGA ta yamma sai ka tara maki 24 cikin shekara uku daga aikin da ka yi wa kamfanonin da suka sa hannu a yarjejeniya, ka biya dala 2,500, sannan kashi 1.5 na abin da kake samu. SAG-AFTRA dala 3,000 ta riƙa karɓa a shiga a 2023. PFA ta Ingila kuwa yawancin kuɗinta daga kason haƙƙin nuna wasa a talabijin yake fitowa, da shi take biya wa tsofaffin 'yan wasa karatu da kwas ɗin koci da jinya.

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Dokar farko a SAG-AFTRA ita ce mamba ba ya aiki da kamfanin da bai sa hannu ba, ko a wace ƙasa. Wanda ya yi aiki lokacin yaji ana iya cin sa tara ko a kore shi, wanda ba mamba ba kuma da ya shiga ya cike gurbi, WGA tana iya hana shi shiga har abada.

Marubutan littattafai fa?

Nasu ya bambanta. Marubucin fim ma'aikaci ne na kamfani, shi ya sa a Amurka haƙƙin mallakar labarin na kamfanin ne, shi kuma yana da damar yin ciniki a ƙungiyance. Marubucin littafi shi ke da haƙƙin mallakarsa, amma a idon doka ɗan kasuwa ne mai zaman kansa. In su da yawa suka haɗa baki kan farashi, dokar hana babakere za ta hau kansu. Don haka Authors Guild, mai asali tun 1912, ba ta yajin aiki. Duba kwantiragi take yi wa mambobi, ta matsa wa majalisa, ta je kotu. Ta kai Google ƙara a 2005 kan kwafe littattafai ta sha kaye bayan shekara goma, a 2023 kuma ta kai OpenAI. A Birtaniya, fafutukar marubuta ce ta haifar da dokar 1979 da ta sa ake biyansu in an ari littafinsu a laburare.

Mata 'yan wasa sun amfana?

Sun amfana, a makare. Tawagar matan Amurka ta kai hukumar ƙwallon ƙasarta ƙara, a Fabrairun 2022 aka sasanta a kan dala miliyan 24, a Mayu kuma aka cim ma yarjejeniyar biya daidai da maza. Daga Janairun 2021 dokar FIFA ta ba da hutun haihuwa na mako 14, kuma Sara Björk Gunnarsdóttir ta Iceland ta yi amfani da ita ta ci Lyon a shari'a, aka ce a biya ta sama da Yuro 82,000.

Super Falcons sun nuna abin da ke faruwa in babu takarda. A 2016 sun ci kofin Afirka a Kamaru suka dawo suka yi zaman dirshan a otal a Abuja saboda alawus. A 2019 a Faransa aka maimaita, a 2022 a Maroko suka ƙaurace wa atisaye, a 2023 FIFPRO ta fito ta ce tana taimaka musu neman haƙƙinsu. Haɗin kai suna da shi, jarumta ma haka. Abin da babu shi ne yarjejeniyar da za ta hana a sake komawa gidan jiya bayan kowace gasa.

Ba su da wani aibu ke nan?

Suna da shi. A yajin 2023, direbobi da kafintoci da masu dafa abinci da masu ba da hayar kaya sun yi watanni ba aiki, kuma ba su da kaso a abin da aka samo. Ƙungiya kuma masu ƙuri'a take karewa, wanda bai shigo ba tukuna ba shi da murya: a 2011 'yan NFL suka yarda a rage albashin sababbin shiga don na tsofaffi ya ƙaru. 'Yan ƙananan rukunin besbol, da suka fi kowa shan wuya, sai a 2022 MLBPA ta ɗauke su. Kuɗin shiga kansa katanga ne ga talaka. Ban ga ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hujjar a zauna babu ƙungiya ba, amma wanda ya ce maka babu wanda ake takawa, bai faɗa maka duka ba.

A Najeriya akwai irinsu? Kannywood fa?

Ƙungiyoyi akwai su: AGN ta jarumai, MOPPAN da ta tattara masu sana'ar fim a Arewa, ANA ta marubuta da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, PMAN ta mawaƙa, RATTAWU ta ma'aikatan rediyo da talabijin da wasan kwaikwayo da ke ƙarƙashin NLC. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, dokar ƙungiyoyin ƙwadago kuma ta ce ma'aikata 50 ne mafi ƙarancin masu neman rajista.

Sai ka ɗauko ma'aunin amsa ta farko ka gwada. A Hollywood akwai 'yan manyan kamfanoni a gefe ɗaya, ma'aikata a ɗaya gefen, kowa ya san da wa yake ciniki. A Kano jarumin yau shi ne furodusan gobe, mai biya da wanda ake biya suna inuwa ɗaya, ciniki kuma da baki ake yi, kunya ta hana yaro tambayar ubangidansa takarda. Yajin aiki irin na can ba shi da wanda za a yi wa. Abin da zai yiwu ya fi wannan ƙanƙanta: kwantiragi na shafi ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi, mafi ƙarancin kuɗin yini ga ƙananan jarumai da 'yan bayan fage, da sharaɗin cewa marubuciyar da aka sayi labarinta za a sa sunanta, a kuma faɗi kasonta in shirin ya koma YouTube ko aka sayar wa tashar talabijin. Maganar kuɗin maimaici ke nan da aka yi a sama, da kayan gida.

Wane rikici ne ke gaba a ƙwallon ƙafa?

Biyu ne. Na farko yawan wasanni: an faɗaɗa gasar zakarun Turai, an mai da kofin duniya na kulob-kulob mai kulob 32 a 2025, kofin duniya na 2026 kuma ƙasashe 48. A Satumban 2024 Rodri na Manchester City ya ce 'yan wasa sun kusa yajin aiki, bayan 'yan kwanaki gwiwarsa ta tafi. A Oktoba reshen FIFPRO na Turai da ƙungiyar gasannin Turai suka kai ƙarar FIFA gaban hukumar Tarayyar Turai, kan cewa FIFA ce ke tsara jadawali kuma ita ke da gasar da ke cin ribarsa.

Na biyu shari'ar Lassana Diarra, wanda ya rabu da Lokomotiv Moscow a 2014, Charleroi ta Beljiyam ta so ɗaukarsa ta fasa don tsoron a ɗora mata diyyar da ake binsa. Ranar 4 ga Oktoban 2024 kotun da ta yi hukuncin Bosman ta ce wasu dokokin FIFA na sauya sheƙa sun saɓa wa dokar tarayyar, dole FIFA ta yi musu gyaran wucin gadi. Ga mai kwantiragi a hannu yanzu, matakan da aka zayyana a amsar riƙe albashi suna nan yadda suke: wata biyu, takardar gargaɗi, kwana 15.